Jimamin Rashin Dabba: Baƙin Cikin da Ba a Zuwa Masa Gaisuwa

Baƙin cikin da ke kama mutum idan dabbar da ya saba da ita ta kwanta ciwo ko ta mutu abu ne da likitocin dabbobi da masana halayyar ɗan Adam suka daɗe da saninsa, ko da yake ba kasafai ake zancensa a bainar jama'a ba. Yana kama mai dokin da ya yi shekaru yana zuba masa harawa da hannunsa. Yana kama tsohuwar da kyanwa ke kwana a gindin gadonta, da mafaraucin da karensa ya san lungunan daji kamar shi, da yaron da ya gina wa tantabarunsa ɗaki a bayan gida da kuɗin tarinsa. Dukkansu sukan ji nauyi a ƙirji, barci ya ƙaurace musu, abinci ya fita ransu. Akasarinsu kuma sukan haɗiye abin su yi shiru, don sun san amsar da za a ba su idan suka faɗa.

Tushen wannan ciwo shi ne sabo. Hausawa na cewa sabo ake yi wa kuka, ba mutuwa ba, kuma maganar ta dace da dabba kamar yadda ta dace da mutum. Dabbar gida takan shiga cikin tsarin ranar mai ita tun daga asuba. Doki yana haniniya idan ya ji takun mai shi ya dawo daga masallaci. Kyanwa tana jiran a buɗe ƙofar kicin. Akuya tana gane muryar matar da ke ba ta dusa a cikin muryoyi goma. Idan dabbar ta tafi, waɗannan lokuta ba sa tafiya tare da ita. Mutum zai ci gaba da farkawa a sa'ar da ya saba, ya nufi turke, sai ya tarar da igiya kawai.

Binciken kimiyya ya nuna cewa shaƙuwar tana da gurbi a cikin jiki. A shekarar 2015, masu bincike na Jami'ar Azabu da ke Japan sun wallafa wani nazari a mujallar Science, inda suka auna sinadarin oksitosin a jikin karnuka da masu su. Wannan sinadari shi ne wanda ke ƙaruwa a jikin uwa idan tana shayar da jaririnta ko tana kallon fuskarsa. Sun gano cewa idan kare da mai shi suka daɗe suna kallon juna, sinadarin yana ƙaruwa a jikin su biyun. Ke nan hanyar da jiki ke bi ya ƙulla ƙauna tsakanin mutum da mutum, ita ce yake bi tsakanin mutum da dabbarsa, don haka babu mamaki idan rabuwar ta yi zafi.

Akwai kuma batun tsawon rai. Kare yakan rayu shekara 10 zuwa 13. Kyanwar da ake kula da ita takan kai 15, wani lokaci ta wuce. Doki yakan kai 25 zuwa 30, jaki ma yakan zarce haka idan ba a gallaza masa ba. Duk wanda ya ɗauki ɗan kwikwiyo ko 'yar kyanwa, a bisa al'ada shi zai ga ƙuruciyarta, ya ga tsufanta, ya ga ƙarshenta. Mai kiwon dabbobin sha'awa zai iya fuskantar irin wannan rashi sau da yawa a rayuwarsa.

Abin da ya fi tsananta lamarin shi ne rashin wanda zai amince cewa an yi rashi. Wani masani Ba'amurke, Kenneth Doka, ya bayyana wannan yanayi a shekarar 1989, inda ya yi magana a kan baƙin cikin da al'umma ba ta ba shi izini ba, wato wanda mai shi ba ya da damar nuna shi a fili, ba a kuma zuwa a taya shi. Mutuwar dabba tana cikin misalan da masana ke kawowa a wannan babi. A ƙasar Hausa, mutuwar mutum tana da tsari cikakke: wanka, sallah, rakiya zuwa maƙabarta, zaman makoki, maƙwabta su kawo abinci, dangi su zo daga nesa. Mutuwar dabba kuwa ana lissafa ta ne a cikin asarar dukiya. Idan sa ne ko doki, za a jajanta, a ce Allah ya mayar da alheri, a tambayi nawa aka saye shi. Idan kyanwa ce ko tantabara, sai a ce, "Don mage kake wannan damuwa? Ga su nan birjik a unguwa." Idan kuwa kare ne, mai shi yakan ji kunyar ma a ga hawayensa.

Wannan amsa ba ta da adalci, kuma tana da illa. Mai cewa a je a samo wata yana kallon jinsin dabbar ne, mai jimami kuwa yana tunanin guda ɗaya tak, mai halinta da ɗabi'unta, wadda ta san shi ya san ta. Wanda aka yi wa dariya sau ɗaya ba zai sake buɗe baki ba. Baƙin cikin da aka danne shi kuwa yakan fito ta wata hanya: saurin fushi da iyali, rashin barci, janye jiki daga mutane.

Addinin Musulunci bai raina wannan jimami ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas bin Malik cewa yana da wani ƙane ƙarami da ake kira Abu Umair, mai wani ɗan tsuntsu da yake wasa da shi. A wasu ruwayoyin an bayyana cewa tsuntsun ya mutu, yaron ya shiga damuwa. Da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gan shi a haka, ya nemi sanin dalili, sannan ya kira shi da alkunyarsa, ya tambaye shi labarin tsuntsun nasa cikin lallashi. Malamai sun fitar da hukunce-hukunce masu yawa daga wannan hadisi, amma abin da ya shafi wannan batu a bayyane yake: shugaban al'umma ya lura da yaro mai baƙin ciki a kan tsuntsu, ya tsaya, ya ambaci tsuntsun, bai tsawata masa ba. Haka kuma hadisai sun zo da labarin wanda aka gafarta masa don ya shayar da kare mai ƙishirwa, da matar da aka azabtar don ta tsare kyanwa har yunwa ta kashe ta. Addinin da ya ɗauki ran dabba da wannan nauyi ba zai ga laifin zuciyar da ta yi kewarta ba, muddin harshe bai furta abin da ya saɓa wa yarda da ƙaddara ba.

Makiyaya sun fi kowa sanin zurfin abin. Bafulatani yana kiran shanunsa ɗaya bayan ɗaya, ya san uwar kowace da kakarta. Lokacin da annobar bushiya ta ratsa Afirka ta Yamma a farkon shekarun 1890, ta share mafi yawan garkunan yankin, kuma rubuce-rubucen tarihi sun ambaci makiyayan da hankalinsu ya gushe bayan sun rasa shanunsu. Cutar ta sake yin ɓarna a Najeriya a 1983, kafin a sanar da kawar da ita daga duniya baki ɗaya a 2011. Talauci yana cikin abin da ya karya waɗannan mutane, amma ba shi kaɗai ba ne.

Jimami ba ya jiran mutuwa. Yakan fara tun ranar da dabba ta ƙi cin abinci. Mai dokin da ciwon ciki ya kama ya san irin wannan dare. Dokin yana tonon ƙasa da ƙafar gaba, yana waiwayen cikinsa, gumi ya jiƙa wuyansa, ya kwanta ya yi birgima ya tashi, ya sake kwanciya. Mai shi yana riƙe da ragama yana zagaya fili da shi don kada ya faɗi ya ji wa kansa rauni, yana kasa kunne a cikinsa ko zai ji motsin hanji, yana kiran wayar likita da ɗaya hannun. Dabba ba ta iya cewa ga inda ke yi mata ciwo, kuma wannan shi ne abin da ya fi cin ran mai jinyarta. A ciwon da ke ɗaukar watanni, kamar ciwon ƙoda da ke yawan kama tsofaffin kyanwoyi, inda kyanwa ke ta shan ruwa tana yawan fitsari tana ramewa, mai ita yakan rayu tsakanin fata da fargaba har ya gaji, sannan ya ji haushin kansa don ya gaji.

A wannan mataki, taimako mafi amfani shi ne gaskiya daga bakin likitan dabbobi. Ya kamata mai dabba ya yi tambayoyi kai tsaye: mene ne ciwon, yana warkewa ko sai dai a sassauta shi, nawa magani zai ci, tsawon wane lokaci, kuma waɗanne alamu ne za su nuna cewa dabbar tana shan wahala. Akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri, ban da asibitocin dabbobi na gwamnatocin jihohi. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda ke can tun 1924, tana gwaje-gwaje da samar da alluran rigakafi. Batun kuɗi kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Magidanci da ke da kuɗin makarantar yara a gabansa ba zai iya zuba duk abin da yake da shi a kan jinyar dabba ba, kuma likita nagari zai faɗa masa abin da za a iya yi daidai ƙarfinsa ba tare da ya sa shi jin kunya ba.

Mafi wuyar shawara ita ce ta kawo ƙarshen wahalar. Ga dabbar da ake cin namanta, al'ada ta riga ta ba da amsa: a yanka ta kafin ta zama mushe. An ce sabo da kaza ba ya hana yanka ta, kuma haka ne, sai dai bai hana hannu rawa ba, shi ya sa mutane da yawa ke kiran mahauci ko maƙwabci su kau da kai. A nan akwai gargaɗi na lafiya: dabbar da aka yi wa allurai kwanan nan, ko wadda ba a san ciwonta ba, bai kamata a ci namanta ba sai likita ya duba. Ga dabbar da ba a ci kuwa, kamar kare ko kyanwa ko jakin da ya karye ba zai tashi ba, likitoci suna da allurar da ke sa dabba barci mai nauyi sannan zuciyarta ta tsaya cikin 'yan mintuna ba tare da raɗaɗi ba. Malaman fiƙihu sun yi saɓani a kan haka. A littattafan Malikiyya akwai halaccin hutar da dabbar da ba a ci idan an fid da rai da ita, wasu malaman kuma sun hana. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malamin da ya yarda da shi, ya haɗa da bayanin likita. Abin da ba shi da uzuri shi ne a jefar da dabba mai ciwo a bola ko a bayan gari ta mutu da ƙishirwa, don kawai mai ita ba ya son gani.

Bayan mutuwa, abin da ya fi addabar mutane shi ne zargin kai. Da na kai ta asibiti tun shekaranjiya. Da na rufe ƙofa. Da ban zuba shinkafar ɓera a bayan buhu ba. Wani lokaci zargin yana da tushe. Mutane da yawa ba su san cewa ƙwayar farasitamol guda ɗaya tana iya kashe kyanwa ba, domin hantarta ba ta iya sarrafa maganin kamar ta mutum, sai su ba ta da niyyar sauke mata zazzaɓi. Wanda hakan ta faru da shi ba ya buƙatar a ce masa babu komai, domin ya san akwai. Yana buƙatar a tuna masa cewa ya yi ne da nufin taimako, da iyakar abin da ya sani a ranar, kuma sanin da yake da shi yau bai zo ba sai bayan abin ya wuce.

Mutane da dama sun ji labarin matakai biyar na baƙin ciki da likita Elisabeth Kübler-Ross ta bayyana a 1969: musantawa, fushi, neman mafita, karayar zuciya, da sallamawa. Ta samo su ne daga hira da marasa lafiyar da ke gab da mutuwa, kuma masanan da suka biyo baya sun nuna cewa masu jimami ba sa bin su a jere. Wani zai ji sauƙi a mako na biyu, sai ganin kwanon abincin dabbar a mako na shida ya dawo da shi baya. Wani zai riƙa jin kamar motsinta a tsakar gida da dare. Duk wannan ba alamar taɓin hankali ba ce. A wasu lokuta ƙalilan, jiki ma yakan amsa da ƙarfi. A 2017, mujallar likitoci ta New England Journal of Medicine ta kawo rahoton wata mata mai shekara 61 a jihar Texas ta Amurka da aka kai asibiti da alamun bugun zuciya bayan mutuwar karenta. Gwaji ya nuna jijiyoyin zuciyarta ba su toshe ba, tsananin damuwa ne ya raunana tsokar zuciyar na ɗan lokaci, ciwon da likitocin Japan suka fara bayyanawa suka kira shi takotsubo.

Yara suna da nasu babi. Ga yawancinsu, mutuwar kaza ko zomo ko kyanwa ita ce haɗuwarsu ta farko da mutuwa, kuma yadda manya suka bi da ita yana zama darasin da za su ɗauka zuwa manyan rashe-rashe. Iyaye sukan ce dabbar ta gudu, ko an kai ta ƙauye, don su kauce wa kuka. Yaron da aka gaya wa haka zai yi ta leƙen ƙofa yana jira, ranar da ya gano gaskiya kuma zai rage yarda da maganar manya. Cewa tana barci ma yana da haɗari, domin ƙaramin yaro zai iya fara tsoron kwanciya. Yaron da bai kai shekara biyar ba galibi ba ya gane cewa mutuwa ba ta da dawowa, don haka zai maimaita tambaya ɗaya sau da yawa, kuma amsa ɗaya ya kamata ya riƙa samu: ta mutu, ba ta jin zafi yanzu, ba za ta dawo ba, kuma ba laifinka ba ne.

Ragon layya da aka yi kiwonsa a gida misali ne da kusan kowane gida ya sani. Yara ne ke yi masa wanka, su ne ke kai shi kiwo, har suna suke raɗa masa. Ranar sallah sai a ga yaro ya ɓuya a ɗaki, ya ƙi cin nama, manya suna yi masa dariya. Abin da ya fi dacewa shi ne a gaya masa tun ranar da aka kawo ragon abin da aka kawo shi dominsa da ma'anar ibadar, kada a tilasta masa tsayawa wurin yanka, kada kuma a matsa masa ya ci. Tausayin da ya nuna hali ne mai kyau da ya cancanci a kiyaye masa shi.

Tsofaffi da masu zaman kaɗaici su ne rukuni na biyu da ya kamata a sa wa ido. Gwauruwar da 'ya'yanta suka watse birane, wadda kyanwa ko 'yan awakinta ne abokan hirarta, idan ta rasa su ta rasa dalilin tashi da wuri da dalilin fita tsakar gida. Sau da yawa kuma sabon rashin yakan tayar da tsohon da bai gama warkewa ba, musamman idan dabbar ta mamaci ce ya bari.

A wasu ƙasashe an gina hukumomi a kan wannan buƙata. An buɗe maƙabartar dabbobi ta Hartsdale a jihar New York a 1896, ta kusa da birnin Paris kuma a 1899. Makarantar likitancin dabbobi ta Jami'ar California da ke Davis ta buɗe layin wayar tallafa wa masu jimamin dabba a 1989, ƙungiyar Blue Cross ta Ingila kuma tana da irin wannan hidima tun 1994, inda 'yan sa-kai da aka horar ke sauraron masu kira. A Japan, wasu wuraren ibadar mabiya addinin Buddha suna shirya addu'o'in tunawa da dabbobi. Ba dole ne al'ummar Hausawa ta kwafi waɗannan tsare-tsare ba, wasunsu ma ba su dace da aƙidarta ba. Abin da ke ƙarƙashinsu, wato a samu mai sauraro, yana nan a zaure da majalisa da tsakar gida. Aboki ya zo ya zauna, ya ambaci dabbar da sunanta, ya tambayi yadda abin ya faru, ya bar mai ita ya ba da labari har ƙarshe ba tare da an katse shi da nasiha ba. Ƙungiyoyin masu dawaki da na masu kiwon tantabaru sun riga sun saba yi wa juna haka, domin su ba sa buƙatar a yi musu bayanin abin da aka rasa.

Gawar dabba tana buƙatar kulawa don lafiyar jama'a, kuma binne ta yakan ba mai ita natsuwa. A haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya da magudanar ruwa, yadda karnuka ba za su tono ba. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya, jini yana fita ta hanci ko baki ko dubura, kada a feɗe ta, kada a ja ta, a kira jami'an dabbobi, domin alamun cutar antaras ke nan, wadda ke kama mutane, kuma an tabbatar da ɓullarta a Suleja ta Jihar Neja a watan Yulin 2023. Karen da ya mutu bayan ya canza hali, yana dalalar da miyau ko yana cizon abin da ya gani, ana zargin ciwon haukan kare ne. Duk wanda karen ya ciza ko ya yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, ya tafi asibiti a ranar don allurar rigakafi, komai nauyin jimamin da yake ciki.

Game da samo wata dabbar, babu ƙayyadadden lokaci. Wasu sukan so cike gurbin nan da nan, wasu sai bayan shekara, wasu ba sa sakewa. Kuskuren da dangi ke yi shi ne su kawo sabuwa a matsayin kyauta ba tare da sun tambaya ba, sai mai jimamin ya riƙa gwada ta da wadda ta tafi, ita kuma ba ta yi laifin komai ba. Sauran dabbobin gidan ma sukan nuna canji, su rage ci ko su riƙa neman abokin zamansu, kuma ci gaba da ba su abinci a lokutan da suka saba yana taimaka musu da mai su.

Yawancin mutane sukan samu sauƙi a cikin makonni ko 'yan watanni. Idan kuwa watanni suka shuɗe mutum bai koma aikinsa ba, ba ya ci, ba ya barci, ya daina shiga mutane, ko ya fara cewa rayuwa ba ta da amfani, lamarin ya wuce na lallashi, yana buƙatar likita. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri, akwai kuma sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa irin su na Malam Aminu Kano. Wanda ya ambaci kashe kansa, ko da sau ɗaya ne, kada a bar shi shi kaɗai, a raka shi asibiti a ranar. Ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi bayan mummunan labari kuma na sashen gaggawa ne, musamman ga mata masu manyan shekaru, waɗanda su ne ciwon takotsubo ya fi kamawa.